Babbar Riga Mai Wurin Dannawa

Duk wanda ya san layin teloli na kasuwar Jega ya san Muttaka, ko bai so ba. Rumfarsa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, sana'arsa kuwa tura wa mutane wa'azi da fina-finai a waya, da manna gilashin kariya. Amma allon da ya kafa a sama ya fi rumfar faɗi: INJINIYA MUTTAKA, LIKITAN KWAMFUTA DA DANGOGINTA. Babu wanda ya naɗa shi injiniya. Shi ya tashi wata safiya ya ga ya dace, ya kira mai fenti.

Abin da ya ƙara hura masa kai wata siririyar kwamfuta ce mai tambarin tuffa a baya, da ya saya ta hannu wurin wani direba. Ba ya aikin komai da ita. Buɗe ta kawai yake yi idan layi ya cika, ya juya tuffar ta kalli titi, ya ɗaure fuska yana danne-danne.

Jikin rumfarsa shagon Ummaru tela ne, ɗan wan babansa. Ummaru yana da keken nan na kwamfuta mai yi wa riga aiki da kansa. A kwamfuta ake tsara zanen da wata manhaja, a zuba shi a filash, a soka wa keken, sai allurai su kama rawa har su gama. Manhajar kuwa don kwamfutoci masu Windos aka yi ta, irin tsohuwar baƙar kwamfutar Ummaru. Ba ta san wata tuffa ba.

Ana haka sai tsautsayi ya gitta. Ummaru yana kan babur hanyar Aliero, kwamfutar tana cikin jaka a bayansa, akuya ta tsallako. Akuya ta wuce lafiya lau. Hannun Ummaru ya karye, kwamfuta ta rabe biyu. Da yake a bakin Aliero abin ya faru, garin da ya yi suna wajen gyaran karaya, ba a sha wahalar neman masu ɗori ba, nan aka kwantar da shi. Daga shimfiɗarsa ya kira Muttaka.

"Muttaka, ka jiya? Makullin shago na wurin Inna Dije. Ka ɗauki rigar Malam Magaji ka kai ma wani tela Birnin Kebbi shi yi mata aiki, tun da sauran lokaci. Kak ka taɓa mani keke."

"Yaya, ina raye a kai aikin kwamfuta Birnin Kebbi? Mi mutane za su ce?"

"Za su ce ka yi hankali."

Muttaka ya ce sabis ya ɗauke, ya kashe waya.

Inna Dije mai tuwon shinkafa ce, a bakin shagon take kafa tukwanenta tun Muttaka yana yawo ba wando. Ta miƙa masa makulli tana kallonsa sama da ƙasa. Ya shiga ya ɗauko rigar, farar shadda mai nauyi, an gama ɗinki, aikin ƙirji kawai ya rage. Ranar Asabar ake bukatarta. Ya rataye ta, ya laluba aljihun tebur ya sami filash ɗin da manhajar take ciki, ya ɗaga shi sama kamar ya tsinci zinariya.

"Injiniya, ba Birnin Kebbi anka ce ka tahi ba?"

"Inna, ku tsaya ku ga ilimi. Manhajag ga zan ɗauka in sa cikin tawa."

"Ummaru ya ce ba kowace kwamfuta taka shiga ba."

"Yaya tela na, ni injiniya. Manhaja dashe ta, kamar albasa. Ka cire ta gadon iri, ka kai ta wata ƙasa. Ta yi yaushi kaɗan, daga baya ta miƙe."

"Kai da ba ka taɓa riƙa hauya ba, kai ka ba mu labarin dashe?"

Buba mai gyaran babur, da ke tsallaken layi, ya aje sifana ya matso. Shi dai Buba ba ya son a yi kallo ba shi.

Matsala ta fari ba ta ɓata lokaci ba. Bakin filash ya fi ramin kwamfutar girma. Muttaka ya tura ta nan, ya juya ya tura ta can, ya hura ramin, ya yi bisimilla ya sake turawa. Daga nan ya dubi Buba ya ce ya ara masa magagari, zai ɗan rage wa filash ɗin baki.

"Ka rage mashi baki? Takalmi na?"

Buba ya koma rumfarsa ya dawo da wani ɗan mahaɗi da wani ya manta a wurinsa, gefe ɗaya babba, gefe ɗaya ƙarami. Ya haɗa, ya shiga cif. Muttaka ya gyaɗa kai a hankali.

"Madalla. Gwada ku nika yi, in ga ko layin ga akwai mai kai."

Ya danna manhaja. Shiru. Ya sake dannawa, ya danna da ƙarfi, ya danna da yatsa biyu. Kwamfuta ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya dubi sama, ya ga rana tsaka, sai ya buga cinya. Ai ba a dashe da tsakar rana! Ya rufe ta ya kai inuwa, ya ce sai bayan la'asar. Bayan la'asar mutum ya kai goma a bakin shago. Ya buɗe ya danna, amsar ba ta canja ba.

"Baƙunta taka yi," in ji shi. "Ba ta ga ɗan garinsu ba."

Gawar kwamfutar Ummaru tana rumfar Buba, tare da babur aka kawo ta. Muttaka ya je ya ɓamɓaro 'yar takardar tambarin Windos da ke manne a jikinta, ya shafa yawu, ya liƙa a kan tuffa. Ya ce yanzu manhaja za ta ɗauka gida ta zo, ta saki jiki.

"To, Injiniya," in ji Inna Dije tana kwasar tuwo, "gobe ka zo ka liƙa ma jakin mai ruwa hoton saniya, mu samu nono."

Aka kwashe da dariya. Manhaja ba ta saki jiki ba, Muttaka kuma bai sauko ba.

Washegari ya zo da sabon ilimi. Ya ga wani mutum a bidiyo, mai Turanci da gudu kamar ana korarsa, yana nuna yadda ake gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Wato a cikin mai tuffa a keɓe wani ɗaki, a zuba masa Windos, manhaja ta zauna a can abinta. Wannan kam gaskiya ne, ana yi. Sai dai kayan ginin suna da nauyi, daga intanet ake sauko da su, sabis ɗin layin teloli kuwa ko gaisuwa da ƙyar yake kaiwa.

A bakin tasha akwai wata babbar mota da aka yi wa lodin albasa har sama. Muttaka ya hange ta ya ce ga hasumiya. Ya saƙala kwamfuta a hammata, ya kama igiya ya haye, ya zauna a kan buhuna, ya ɗaga waya sama. Sabis ya kawo, saukewa ta fara tafiya. Yana cikin murna bai ji an tada inji ba. Da ya ɗago, rumfunan Jega suna gudu da baya.

Buba ya biyo da ihu. "Injiniya! Ka buga ma direba!"

"Bari! Sabis ƙaruwa shika yi!"

Haka aka fita da shi gari, hannu ɗaya sama da waya, ɗaya rungume da kwamfuta, hularsa ta yi nata wuri tun a gada. Motar Legas za ta, Allah ya taimake shi direba ya tsaya duba taya a Maiyama. Ya sauko idanu jawur, ɓawon albasa har cikin kunne.

Wa zai gani a bakin tashar Maiyama? Malam Magaji da kansa, mai riga. Manomin albasa ne daga Giwa Tazo, dogo, fari ya cinye gemu, tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya. Ya zo sayen taki. Ya ji labarin karayar Ummaru, hankalinsa bai kwanta ba.

"Ɗana, ba kai na ƙanen Ummaru ba? Lahiya bisa lodi?"

"Lahiya lau, Baba. Aikin rigarku na. Irin aikin da nika so in yi maku, sai an hau sama aka samo shi."

Tsoho ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce shaddar nan shekarar da 'yarsa Fadila ta shiga jami'a a Aliero ya saye ta, albasa ta yi albarka a shekarar. Ya sa ta ƙasan adaka, ya yi wa kansa alkawari ba za ta ga allura ba sai yarinyar ta gama. Sallah ta zo ta wuce, bukukuwa sun zo sun wuce, yana zuwa da tsohuwar taguwarsa. Ranar Asabar ake yaye su.

"Kwamhuta tak karanta. Ni ban san mi a ciki ba, amma ta gama. Tunda Allah yay yi ni ban taɓa sa riga mai aiki ba. Aska takwas nika so, ɗana. In tsaya kusa da ita ranar, kak a dube ta a ce ubanta na wancan mai yagaggar riga."

Mai hankali a nan zai ce Baba ku yi haƙuri, ya kama hanyar Birnin Kebbi. Muttaka ya ji wani abu ya ɗan taɓa shi a ƙirji, gaskiya ya ji, amma bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Baba, aska takwas? Ku dai ku taho Juma'a. Sai an tsai da buki an kalli rigarku."

Ya koma Jega a motar haya, mutane suna matsawa saboda warin albasa.

Ginin kwamfuta cikin kwamfuta ya ci yini guda. 'Yar siririyar ta ɗau zafi kamar tandar masa. Ya yi mata fifita da kwali, ya ɗora ta kan murfin randar Inna Dije, ya sa Buba ya riƙe mata lema. Can sai ga shi, a tsakiyar fuskar, wata 'yar taga ta buɗe, Windos ya leƙo. Muttaka ya yi tsalle har ya bugi fanka.

"Ta kama! Dashe ya kama! Inna, ina mai jaki?"

Ya danna manhaja, ta yi miƙa, ta yi hamma, ta buɗe. Ga zanen aska takwas nan da Ummaru ya daɗe da tsarawa, zar-zar gwanin kyau. Layi ya taru. Mai shayi ya ba shi kofi kyauta. Har Inna Dije ta ce to, wannan karon ta gani.

Saura a zuba zanen a filash. Ya danna. Sai wani ɗan akwati ya faɗo a tsakiyar zanen, da jan da'ira, da rubutun Turanci layi biyu, da ɗan maɓalli a ƙasa. Turancin Muttaka kuwa iyakarsa abin da ke jikin kwalin caja.

"Mi tac ce?" in ji Buba.

"Gaisuwa taka yi."

Ya danna maɓallin, manhaja ta rufe ɗif. Ya sake buɗewa, ya sake dannawa, akwati ya sake faɗowa.

"Wagga akwai ladabi," in ji Inna Dije. "Ta gaishe ka sau bakwai, ba ta ba ka komi ba."

Ranar Alhamis ce, kuma rana ta karkata. Muttaka ya shiga uku, sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ta fi rashin dabara muni. A wayarsa akwai wata 'yar manhaja mai mai da hoto ya zama zanen keke. Ya buɗe aska takwas, ya danna, akwati ya faɗo, ya ce kai ka sani. Ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar yadda take, ya tura waya, waya ta juya shi, ya zuba a filash.

"Akwatin ga fa?" in ji Buba. "Shina cikin hoton."

"Akwati bisa gilashi yake, zane na ƙasa. Keke ya san nashi."

"Ka gwada ga tsumma tukuna," in ji Inna Dije.

"Gwaji na masu shakka na, Inna."

Ya ɗaure ƙirjin shadda a firam, ya soka filash, ya tada janareta, ya danna kore. Allurai suka kama rawa, kowace da launin zarenta. Shi kuwa ya ja ƙofa, ya tafi teburin mai shayi yana ba da labarin yadda ya hau mota da gangan don ya san sabis na Maiyama ya fi kauri. Bai dawo ba sai da keke ya yi shiru.

Keke bai ha'inci kowa ba. Abin da aka ba shi ya ɗinka, tsaf. Ga kawunan aska sun leƙo ta sama, ga wutsiyoyinsu ta ƙasa. A tsakiya kuwa, daidai inda zuciyar mutum take, ga akwati zaune daram. Shuɗin layi a sama, jan da'ira da farin gicciye, rubutu baƙi layi biyu, ga ɗan maɓalli da OK a cikinsa. Har 'yar kibiyar nan da ake nuni da ita a kwamfuta tana gefe, tana nuna maɓallin.

Muttaka ya ɗauko reza ya fara farke kusurwa ɗaya, sai ya ga inda zare ya fita shadda ta zama rariya. Ya yi maza ya aje. Zufa ta wanke shi har tafin ƙafa.

Inna Dije ta leƙo. Ta daɗe tana kallo.

"Injiniya, taga ka yi mashi ga ƙirji? Iska za shi sha?"

"Inna, don Allah."

"Yau kuma da don Allah? Ni ban iya boko ba, amma na san aska, wanga ba aska ba na. Ka hwaɗa ma bawan Allah gaskiya."

Ya ce zai faɗa. Ya kwana da niyyar faɗa. Da Malam Magaji ya iso ranar Juma'a, ya warware riga, ya tsaya yana duban ƙirjinta, Muttaka ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai wani abu daban ya fito.

"Baba, kun ga askarku nan takwas, ba wadda ta ɓace, suna baya. Wanga na gaba kuwa lamba ta. Ba kowa ka sa ta ba. Sai uban da ɗiyatai ta karanta kwamfuta. Duk wanda yag gani can jami'a, ya san ko ku wa ne."

Inna Dije ta saki muciya cikin tukunya. Ta buɗe baki, sai ta ga fuskar tsohon. Yana shafa akwatin da yatsa a hankali, idanunsa sun kawo ruwa.

"Ashe har lamba garai," in ji shi. "Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Ta rufe bakinta, ta juya tuwon da bai bukaci juyi ba. Ta ce daga baya ba ta taɓa jin nauyin shiru irin na ranar ba.

Kafin tsoho ya naɗe riga mutane sun taru. Wani ya ce kai, zamani! Wani dillalin albasa ya tambaya ko akwai ta uban wanda ya karanta aikin gona. Nan da nan Muttaka ya warke. Kafin magariba shi kansa ya yarda lamba ce. Ya ce gobe da shi za a je Aliero, don masu son irinta su san inda za su same shi. Inna Dije ta ce ita ma ba ta kasa tuwo gobe, wannan kallo ba na a ba ta labari ba ne. Buba ya goya ta a babur.

Filin jami'a ya cika maƙil, rumfuna ko'ina, ɗalibai cikin dogayen riguna da huluna masu tuntu. Malam Magaji ya shigo a hankali, riga tana ƙara saboda sabunta, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa yadda ya ga manya suna yi. Muttaka yana gefensa, kwamfuta a hammata.

Ɗalibin farko da ya gani ya tsaya cak. Ya taɓo na kusa da shi. Na kusa ya duba, ya toshe baki da hula. Kafin su kai rumfa ta biyu wayoyi sun tashi sama.

"Kun gani, Baba? Sun gane lamba."

Tsoho ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Wani mai rawar kai ya matso.

"Baba, a danna?"

Dariya ta fashe. Malam Magaji ya yi noma shekaru, ya sayar da albasa ga mutane iri-iri, ya san dariyar sha'awa, ya san ɗayar. Murmushinsa ya tsaya a rabi. Ya sauke hannu, ya dubi ƙirjinsa, ya dubi Muttaka. Muttaka kuwa ganin taro ya hau kan benci.

"Jama'a! Ni na yi ta! Injiniya Muttaka, layin teloli, Jega! Kwamfuta cikin kwamfuta! Mai so shi yi magana tun ba a yi layi ba!"

"Ka yi mi?"

Muryar daga bayansa ta fito. Ummaru ne, hannu ɗaure cikin karare, rataye a wuya. Ya lallaɓo daga gidan ɗori don ya ga aikin telan Birnin Kebbi. Ya dubi riga, ya tuno kekensa, ya dubi sama.

"Shadda ta shekara da shekaru! Muttaka, sauko. Sauko, hannu guda ya ishe ni."

"Yaya, ku bari in yi bayani. Dashe na..."

"Sauko in dasa ka!"

Muttaka ya ja da baya, benci ya ɗaga, ya tafi da baya cikin kular zoɓon wata mata. Kwamfuta ta yi sama, Buba ya cafe. 'Yar takardar Windos ta ɓalle ta faɗo wa Muttaka a goshi.

Ana wannan hargitsi taro ya dare. Fadila ce, cikin rigar yaye, takardarta a hannu, ta hango babanta ta taho da gudu. Ta zo dab ta tsaya. Idonta ya sauka kan akwatin. Ta karanta, ta sake karantawa. Dariya ta taso mata, ta dubi fuskar babanta, dariyar ta koma.

"Fadila," in ji shi a hankali. "Mi anka rubuta?"

"Baba, rigar ta yi maku kyau."

"Ban tambaye ki kyau ba. Rani nawa ina ban ruwa don ki iya karanta irin wanga. Karanta mani."

Har Ummaru ya saki kunnen Muttaka da ya kama.

"Ba lamba ba ta, Baba. Saƙo na da kwamfuta ka bayarwa in abu ya ƙiya. Cewa tay yi, wanga abu ba za shi yi aiki nan ba, ba don nan anka yi shi ba."

Kunya ta rufe tsohon, kowa ya gani. Ya sunkuyar da kai yana duban zaren. Masu wayoyi suka fara saukewa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a haka, sa'an nan ya ɗago, ya dubi hularta mai tuntu, ya dubi takardar da ke hannunta.

"Haka sunka ce mani Giwa Tazo, randa zan kawo ki. Kusan kalma da kalma." Ya sake duban akwatin. "To, in kwamhuta ta hwaɗi haka, mi aka yi mata?"

"Sai a danna nan, Baba. Saƙon shi tahi."

"Danna."

Ta sa yatsa a kan ɗan maɓallin, daidai ƙirjinsa, ta danna. Sai hawaye, ita da shi. Inna Dije ta rangaɗa guɗa tun daga cikinta, ɗaliban da suka yi dariya suka ɓarke da tafi, mai rawar kan nan ya durƙusa ya ce Baba a yafe shi. Malam Magaji ya gyara riga a kafaɗa, ya tsaya kusa da 'yarsa, ya ce mai hoto ya ɗauka, kuma ya tabbata akwatin ya fito.

Daga cikin kular zoɓo wata murya ta taso.

"Kun gani? Ai abin da nika nuhi ke nan tun hwarko!"

Ummaru ya ɗaga lafiyayyen hannunsa, tsoho ya tare shi.

"Bar shi, Ummaru. Ɗana, an ce mani kai gwanin dashe na."

"Ƙwarai, Baba," in ji Muttaka, zoɓo yana ɗiga daga gemunsa.

"Madalla. Irina ya isa cira."

Haka aka yi layin teloli ya huta na ɗan lokaci. Wanda ya bi ta fadamar Giwa Tazo a kwanakin ya ga Injiniya duƙe cikin laka har idon sawu, damin irin albasa a hannu, yana dasawa yana riƙe ƙugu, yana gaya wa 'yan ƙwadago cewa a ƙasashen waje da waya ake wannan aikin. Malam Magaji yana tsaye a kan kunya da tsohuwar taguwarsa, rigar tana adaka sai Sallah. Ya duƙa ya ciro wata da aka dasa a karkace, ya miƙa masa.

"Injiniya, duk wadda ta ƙi kamawa, kak ka ɗauki hotonta ka kawo mani. Sake dasawa."